Na Sa Hannu Da Sunansa

Kafin in faɗa muku abin da na aikata, bari in fara da yadda sunana ya ɓaci, don kada ku yanke mini hukunci tun ba ku ji tushen zancen ba. Ba wai ina neman ku wanke ni ba ne. Ni ma har yau ban wanke kaina ba.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya kwanta a asibiti. Ranar da aka rubuta masa wata allura mai tsada, Yaya yana kan hanya bai iso ba, Umma kuma tana zaune a bakin gado ta kasa ko ɗaga ido. Na fita baranda na buɗe wayata, na karɓi bashi a irin manhajar nan da ba ta tambayarka komai sai dai ka danna ka ce ka yarda. Ban san da na danna na buɗe musu duk lambobin da ke cikin wayata ba. Baba ya rasu ranar Talata, wa'adin biya ya cika ranar Alhamis, lokacin ko inda na jefa wayar ban sani ba. Bayan mako guda suka aika hotona ga kowa da kowa, da jan rubutu a ƙasa, wai ni ɓarauniya ce a yi hattara da ni. Ya je wa ƙawayena, ya je wa malamaina, ya je wa matar da ke yi mana kitso. Ya je wa shugaban Yaya a wurin aiki.

An biya kuɗin har da ninkinsa. Amma magana zarar bunu ce. Da na je ƙaramin bankin da ke bakin titinmu neman rancen fara sana'a, ma'aikacin ya buga sunana, ya kalli allo, ya kalle ni, ya ce in yi haƙuri sunana yana cikin jerin waɗanda ba a bai wa. Matan layinmu suna da adashi, da na nemi shiga sai aka ce an cika. Bayan kwana biyu na ji an ɗauki wata sabuwar amarya da ko wata ɗaya ba ta yi a unguwar ba.

Ni ce auta a gidanmu, kuma haka kowa ke kirana, Auta. Na gama karatu, na zaga da takardu har takalmina ya buɗe baki, aiki shiru. Zaman gida kuwa, in ba ku taɓa miƙa hannu don kuɗin sabulu kuna da shekara ashirin da biyar ba, ba za ku gane ba. Wata rana na je shago sayen ƙwai, na ji mai shagon yana mita cewa mai kawo masa ƙwai sai ya ga dama yake zuwa. Na dawo gida da maganar a raina. Na sayar da 'yan kunnen da Baba ya saya mini ranar da na gama makaranta, na haɗa da ɗan abin da ke asusuna. Duka-duka abin da ya iya saye shi ne kiret biyar na ƙwai.

Gidan gonar da nake saro ƙwan yana bayan gari, na wata mata ce da kowa ke ce wa Uwar Kaji. Ƙatuwa ce, ga takalmin roba har gwiwa a ƙarƙashin zani, ga tabarau a rataye da igiya a wuya. Tana zama a wani tebur na ƙarfe ƙarƙashin rumfar kwano, kuma ba ta ɗaga murya, don ba ta buƙata. Na yi wata guda ina ɗaukar kiret biyar kuɗi hannu, in rungume su a bayan tasi kamar jarirai, in raba wa shaguna uku. Ribar ba ta wuce kuɗin mota da na kati ba. Masu shago suna ta cewa in ƙaro, ni kuwa ba ni da abin ƙarowa.

Uwar Kaji ce da kanta ta kawo maganar. Ta ce ta lura ba na latti kuma ba na ƙorafi, in ina so za ta riƙa ba ni kaya in sayar in kawo kuɗi bayan mako. Sharaɗi ɗaya ne: in kawo wanda zai tsaya mini, mai aiki ko mai shago da aka san inda yake. Ta zaro fom daga aljihun tebur ta miƙo mini. Ta ce in na kasa biya, ba ni za ta nema ba, shi za ta kira.

Yaya na fara kai wa. Yana zaune a falo yana cire safa, ya karanta fom ɗin har ƙarshe, ya ajiye a hannun kujera.

"Auta, sau ɗaya aka kira ni ofishin oga saboda ke. Na tsaya kamar yaro ina bayani. Ba zan sake ba."

Gaskiyarsa ce. Umma tana bakin ƙofar kicin ta ji, ta ce ai dama ita wannan yawon ƙwan bai kwanta mata ba, in zauna in nutsu tunda Allah ya kawo mutumin kirki.

Mutumin kirkin da take nufi shi ne Injiniya. Ba injiniyan takarda ba ne, mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, ni ce na laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Firjinmu ya zo gyarawa, ya gama aikin a rana ɗaya, amma sai da ya dawo sau uku wai yana duba ko yana sanyi. A zuwa na uku Umma ta ce masa, ɗan nan, firjin dai lafiyarsa ƙalau, in akwai wata magana ka faɗa. Dogo ne, ba ya son hayaniya, akwai tabon ƙuna a babban yatsansa na dama. Saƙonninsa kuwa kamar ana cajin sa kuɗi a kan kowane harafi. "Kin ci abinci?" "Na rufe shago." "Allah ya kai mu." Ranar da ya rubuto mini "Na yi kewarki" sai da na ɗauki hoton saƙon na ajiye. Duk Lahadi da yamma yake zuwa, mu zauna a falo, Umma tana shiga tana fita da uzurin neman abin da ba ta ajiye ba.

Za ku ce me ya sa ban kai masa fom ɗin ba. To, ga dalili. Tun farkon haɗuwarmu ya ba ni labarin mahaifinsa. Yana da shagon kayan gini babba, ya tsaya wa wani amininsa a banki, aminin ya gudu, aka ƙwace shagon, suka koma gidan haya ɗaki biyu su tara. Injiniya yana aji biyar a lokacin, shi ya sa ya bar makaranta ya shiga koyon gyara. Da ya gama ba ni labarin ya ce, shi zai iya ba mutum kyautar abin da ke aljihunsa, amma ko allura ba zai tsaya wa kowa ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kuma ban taɓa ba shi labarin hoton nan ba. Kullum in na ɗauko zancen sai harshena ya yi nauyi.

Kwana uku fom ɗin yana cikin jakata. A rana ta huɗu, ina zaune a bayan tasi a hanyar gona, na ɗora shi a kan gwiwata na rubuta sunansa, da lambarsa, da adireshin shagonsa. Na taɓa ganin yadda yake sa hannu a rasit, sai na kwaikwaya. Na ce wa zuciyata ai ba za a taɓa kiran sa ba, tunda ba zan taɓa latti ba. Uwar Kaji ta saka tabarau ta duba, ta duba ni ta saman gilashin, ta jefa shi cikin aljihun tebur. Ta ce a fito mini da kiret goma sha biyar.

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Sana'a dai ta buɗe, shaguna suka zama bakwai, har na sayo wa Umma man zafi da kuɗina na ajiye mata a kan gado. Amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga sunan Injiniya, sai gabana ya faɗi. In ya zo ranar Lahadi ya yi shiru yana kallona, sai in ji kamar an rubuta abin a goshina. Akwai ranar da ya tambaye ni yaya kasuwa, na ce lafiya lau. Ya ce babu wata matsala? Na ce babu. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da juya kofin da ke hannunsa.

Mako uku ina biya a kan lokaci. Sai ga Mai Kek.

Wata mata ce da ke da shagon kek a babban titi, mai ƙamshin turare da mukullin mota a yatsa. Ta ce ta samu aikin wani babban taro na kamfani, kwana uku za a yi, tana son kiret arba'in a tashi ɗaya, kuma za ta biya ranar da na kawo. Na lissafa ribar a kaina sai da na ji jiri. Ban nemi ta ba ni kafin alƙalami ba, kunya ta hana ni, kada ta ce ƙaramar 'yar kasuwa ce. Da na faɗa wa Uwar Kaji, ta ce arba'in ba wasa ba ne, amma tunda akwai mai tsaya mini ta ba ni mako biyu. Na ɗauki hayar ƙaramar motar kaya na kawo su gida, na jera a ɗakina saboda sai washegari za a kai.

Ina cikin goge hijabin da zan saka washegarin saƙonta ya shigo.

"Ƙanwata yi haƙuri, an ɗage taron sai wani watan. Zan neme ki."

Na karanta ya fi sau goma. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, waya a kashe. Sai da na ji ƙaurin hijabin sannan na tuna dutsen guga yana kai.

Ku yi tunanin ɗaki ƙarami mai rufin kwano, taga ɗaya, a tsakiyar zafi, ga wuta sai ta ga dama. Kiret arba'in a jere daga ƙasa har kusan kafaɗata, sahu huɗu, na matsar da katifata jikin bango don su samu wuri. Ƙwai dubu ɗaya da ɗari biyu. Ko juyi zan yi sai na lallaɓa. Kuma a makon ne ƙwai ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Masu shagunan da ke roƙona in ƙaro, da suka ga ni ce ke roƙo yanzu, sai kowa ya gyara zama. Wannan ya ce yana da saura, wancan ya taya ƙasa da yadda na saro, wani ya ce in ajiye in ya sayar ya ba ni. Na shiga unguwannin da ban taɓa takawa ba, kiret uku a hannu, zufa tana bin bayana. Wata rana direban tasi ya taka birki don kauce wa akuya, kiret biyu suka zame daga cinyata. Na sauka da gwaiduwa har cikin takalmi, fasinjoji suna yi mini sannu, direba yana mitar kujerarsa.

A cikin wannan halin ne Injiniya ya aiko wa Umma cewa yayarsa da ƙanwar mahaifiyarsa za su zo su ga gida ranar Asabar ta sama. Wa'adina kuwa Alhamis ne, kwana biyu kafin nan. Umma ta shiga hidima kamar za a tarbi shugaban ƙasa. Kullum sai ta leƙo ɗakina ta toshe hanci.

"Auta, ki fitar mini da kajin nan da ba su ƙyanƙyashe ba kafin Asabar. Baƙi su shigo su ji gida yana ƙarni, su ce me?"

Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ba ta san bashi ba ne. Na ce mata ribata ce na juya.

A rana ta goma wani mai shago, dattijo mai kirki da ya fi kowa saye a wurina, ya kira ni gefe. Ya ce wata mata ta dawo masa da ƙwai huɗu. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na kawo ya fasa a gabana. Ba sai na faɗa muku warin ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in dakata da kawowa tukuna. Na koma gida na rufe ƙofa, na cika baho da ruwa, na riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau yana nutsewa, wanda ya lalace yana tasowa. Duk wanda ya taso sai in ji kamar a ƙirjina ya taso. Na zuba su a baƙar leda biyu na kai bola can nesa da layinmu, ina waige kamar wadda ta yi kisa.

Ranar Laraba da azahar na zazzage duk abin da na tara a kan gado. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na duba ƙasan jaka ko wani abu ya maƙale. Kashi biyu cikin uku ne kawai na kuɗin Uwar Kaji. Na bi masu shagunan da ke riƙe da kuɗina, kowa ya ce sai ƙarshen mako. Na kira wata ƙawata da muka yi makaranta tare, ta saurare ni har na gama, ta ce wallahi ita ma hannunta bai da kyau, kuma na ji a muryarta cewa ta tuna da hoton. Manhajar nan ma sai da na buɗe wurin saukar da ita, na tsaya ina kallon alamarta, sannan na kifa wayar.

Saƙonsa ya shigo da la'asar: "Lafiya? Shiru."

Na rubuta "Akwai maganar da nake so mu yi", na goge. Na rubuta "Ka yafe mini", na goge. Abin da na aika shi ne: "Lafiya lau, aiki ne."

Alhamis da safe na saka doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na ɗaure kuɗin a leda na cusa a jaka. Dabarar da na yanke ita ce in je in faɗa wa Uwar Kaji gaskiya kafin ta ɗauki waya. In za ta kira 'yan sanda ta kira, in dai ba za ta kira shi ba. Duk tsawon hanya ina ganin kaina a bayan kanta, ina ganin Yaya yana shigowa, ina ganin wani sabon hoton yana zagaye wayoyin mutane.

Na same ta tana duba buhunan abincin kaji. Na jira har ta zauna. Na ajiye ledar a kan tebur, na ce bai cika ba. Ta ƙirga, ta rubuta a littafinta, sannan ta miƙa hannu wajen wayarta. Ban san lokacin da na durƙusa a kan simintin ba.

"Don Allah Hajiya kada ki kira shi. Bai sani ba. Ba shi ya sa hannu ba, ni ce."

Ta janye hannunta daga kan wayar. Ta ce in tashi, ba ta son a durƙusa mata a gaban ma'aikata. Ta ce shekararta ashirin tana wannan sana'a, ba ta taɓa karɓar fom ta ajiye ba ta kira mai shi ba. Tun ranar da na miƙo mata ta ga biro ɗaya ne, hannu ɗaya ne, daga sama har ƙasa. Ko minti goma ban yi da fita ba ta kira lambar.

Na dafa teburin.

Ta ce da ta yi masa bayani, sai ya tambayi kiret nawa ne. Ta faɗa masa, ta kuma faɗa masa cewa wannan sa hannun in wani wuri ne sai dai a je a yi belina. Washegari da sassafe sai ga shi a gonar da kayan aikinsa a jiki. Ya nemi ta nuna masa fom ɗin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta ba shi sabo. Ta buɗe aljihun tebur ta zaro ta ajiye a gabana. Rubutunsa ne, ƙanana a tsaye, da sa hannunsa na gaskiya wanda bai ko yi kama da abin da na zana ba.

"Abu ɗaya ya roƙe ni, kada in faɗa miki," in ji ta. "Ya ce za ki faɗa masa da bakinki. Na ce masa to. Yanzu tunda kin zo da kanki, na sauke."

Ta ce ragowar kuɗin in riƙa kawowa duk mako har in gama, kuma daga yau babu sauran bashi, in koma kiret biyar ɗina kuɗi hannu. Ta ƙara da cewa duk mai son kiret arba'in ya fara ajiye rabin kuɗi, ko da ƙamshin turarenta ya cika titi. Ina jin ta kamar daga cikin rijiya. Abin da ke yawo a kaina shi ne Lahadi biyar. Lahadi biyar ya zauna a falonmu yana juya kofi yana tambayata ko akwai matsala.

Daga gonar shagonsa na wuce. Wuri ne ƙarami a layin masu gyara, tsofaffin firji a jere a waje kamar masu jiran likita. Na same shi a tsugune a bayan wata babbar firiza, tukunyar gas a gefensa. Ya ɗago ya gan ni, ya kalli fuskata sau ɗaya, ya kashe wutar da ke hannunsa. Ya jawo mini benci ya goge da tsumma. Shi bai zauna ba.

Na faɗa masa komai, tun daga barandar asibiti har zuwa bahon ruwa. Ban yi kuka ba sai da na zo kan bayan tasi da fom a gwiwata. Ya bar ni na gama. Maganar hoton ma cewa ya yi ya ji tun kafin ya dawo duba firjinmu karo na biyu, unguwa ba ta ɓoye irin wannan, kuma bai taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba, don wanda ya ci bashi saboda ubansa ba ɓarawo ba ne.

Na ce zan biya ragowar da kaina, ko sisinsa ba za a taɓa ba.

"Na san za ki biya. Ba shi ne damuwata ba."

Ya goge hannunsa a jikin tsumman, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ranar da matar nan ta kira ni ban iya aiki ba. Na rantse ba zan tsaya wa kowa ba, kin sani. Na je na karya don kada a taɓa ki. Na ce tsoro ne ya sa ki, in kin nutsu za ki faɗa mini. Kwana talatin da biyar ina jira, Auta. Jiya ma na tambaye ki."

Na sunkuyar da kai.

"Yau ɗin ma ba wurina kika fara zuwa ba."

Wannan ta fi komai shiga jikina. Wani ya leƙo yana tambayar firjinsa, Injiniya ya ce ya dawo da yamma, mutumin ya kalle ni ya tafi.

Sai ya ce jiya bayan ya karanta amsata ya kira yayarsa ya ce su dakata da zuwan Asabar. Na tambaye shi har yaushe. Ya ce bai sani ba. Ya ce bai ce ya fasa ba, in ya fasa zai faɗa mini a fili, shi ba ya ɓoye-ɓoye. Amma yana so ya tabbatar ko matar da zai zauna da ita za ta iya kallon idonsa ta faɗa masa abin da ba ya son ji, tun kafin ya ji a bakin wani.

"Umma fa?" na ce. "Tana can tana shiri."

"Ba zan kira ta ba. Ke za ki faɗa mata. Da dalilin."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da tasi, ya biya kuɗin kamar yadda ya saba. Da motar ta tashi na waiga, yana tsaye a inda na bar shi, tsumman a hannunsa.

Na sauka tun kafin layinmu na ƙarasa da ƙafa, don in samu lokacin shirya abin da zan faɗa. Ban shirya komai ba. Daga nesa na hango motar Yaya a ƙofar gida, abin da ba ya faruwa ranar aiki. Na tura ƙofar falo. Katan-katan na lemo a jere a jikin bango, kujeru an ja su tsakiya, ko'ina ƙamshin sabulun wanke ƙasa. Yaya yana zaune a hannun kujera yana danna waya, Umma kuwa ta hau kan ƙaramin tebur tana rataya sabon labule mai ruwan zuma, ƙugiyoyi biyu a bakinta. Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta cike da fara'a haka ba.

Ta cire ƙugiyoyin ta juyo tana murmushi.

"Yauwa Auta, zo ki duba mini. Ya yi daidai ko ya karkace? Yayanki ne ya sayo, wai kada surukai su raina mu."

Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a rungume. Da in ce ya yi kyau in wuce ɗaki, kalma uku ce kawai, kuma na saba.

"Umma, sauko," na ce. "Akwai maganar da zan faɗa muku, ke da Yaya."

Murmushin ya tsaya a fuskarta. Yaya ya kifa wayarsa a kan gwiwa ya ɗago ido.